Lemo da Ganye a Gindin Bedi

Kwanakin baya wasu 'yan kabu-kabu suka fake wa rana a inuwata, suna kallona ina wasa sarƙar inji. Ɗaya daga cikinsu, wanda ko gemunsa bai gama fitowa ba, ya ce, "Baba Lawali, wanga aiki naka ai cin banza na. Ka ja igiya, inji shi yi kuka, icce shi hwaɗi, a biya ka." Sauran suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, don ba shi ne na farko ba. Duk wanda ya hangi injin yanka itace daga nesa haka yake zato. To, ku samari, tunda kun ce banza ce, ku gyara zama in gaya muku yadda ake cin ta.

Ni mutumin Tsibiri ne, amma shagona yana unguwar Zariya a Maraɗi, a gindin wani babban bedi, wato darbejiya, da ke tsakanin gidan Alhaji Rabe da gidan Alhaji Issufu. Na ce shago ne don bakina ya saba. Benci ne da akwatin ƙarfe da inuwa, shi ke nan. Da safe in hau moto, wato babur, in shigo Maraɗi, da yamma in koma gida da dusar itace har cikin kunne. Ina gyaran inji, ina kuma yanka wa mutane itace idan reshe ya kwanta a kan katanga ko iskar damina ta tumɓuke wani. Bedin nan mutum biyu ba sa rungume shi, kuma daidai gwiwa yana da wani kumburi da ya zagaye shi kamar ɗamara, a kansa nake ɗora kofin shayina. Mai nemana a garin nan ba ya cewa a kai shi wurin Lawali, cewa yake a kai shi gindin bedi. Ranar da babu itacen nan, ni kaina ban san inda za a same ni ba.

Aikina na farko wurin maigidana, Baba Nomau na Jiratawa, ba yanka ba ne. Na je ina rawar jiki, ina ganin washegari zan riƙe inji in tada hankalin gari. Sai ya miƙo mini wata matacciyar sarƙa da ɗan siririn magagari, ya ce in wasa haƙoranta. Haƙorin sarƙa iri biyu ne, wannan ya kalli dama, na bayansa ya kalli hagu, haka har ta zagayo. Idan hannunka ya fi nauyi a gefe guda, inji zai riƙa karkata cikin itace kamar jakin da aka jibga wa kaya ɓari ɗaya. Na wasa, ya duba, ya ce in sake. Na sake, ya ce in sake. Har aka yi girbi aka gama ina wasa sarƙar da ba za ta ƙara yanka komai ba a duniya. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, har na yi shirin komawa gona.

Ranar da ya yarda na riƙe inji, a kan wani gawo ne da ya faɗi da kansa a bakin lambunan Jiratawa. Ya ce in daina kallon injin, in kalli abin da yake zubarwa. Sarƙa mai kaifi tsaki take fitarwa, manya-manya. Da zarar ka ga gari yana tashi, ta dakushe, ka tsaya, ƙara danna ta ba zai haifar da komai ba sai zafi da hayaƙi. Ya kuma hana ni taɓa itace da hancin lam, wato bakin faffaɗan ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kai. Ban ji ba, na taɓa. Injin ya yi tsalle ya nufo fuskata, hulata ta tashi ta faɗa cikin albasar mutane. Baba Nomau ya je ya ɗauko hular, ya kakkaɓe, ya sa yatsa cikin yagar da ke gabanta, ya miƙo mini.

Amma abin da ya fi nanata mini shi ne bambancin itacen daji da na gari. "Lawali," in ji shi, "iccen daji rairai garai cikin ɓawo, ka kankare kahin ka yanka. Iccen gari kuwa ƙarhe garai cikin ciki." Gaskiya ce. Mai shayi ya buga ƙusa ya rataya fitila, mahauci ya buga ya rataya nama, wanzami ya buga ya rataya madubi. Su tashi su bar wurin, itace ya yi ta girma har ya haɗiye ƙusar, ɓawo ya rufe sumul kamar ba a taɓa komai ba. Sarƙar da ta ci karo da irin wannan, haƙoranta sun tafi. Shi ya sa ba ya jan igiya a cikin gari sai ya zagaya itacen, ya tambayi mutanen wurin wa da wa suka taɓa zama a gindinsa.

A zamanin da na koya, masu sana'ar katako kaɗai ke da inji, manya masu nauyi. Daga baya ƙanana suka shigo kasuwa, irin na masu gida, wanda mutum zai saya ya ajiye don sassabe bedin tsakar gida ko mangwaron lambu. A nan ne abincina ya buɗe, don mai gida yana sayen inji ne da kuɗinsa, amma ba a sayar masa da sanin aikin a cikin kwalin.

Akwai wani ma'aikaci da ya zo mini da sabon inji fil, ko leda ba a gama cire masa ba, ya ce an cuce shi, jiya ya saya yau ya mutu. Na ja igiya, ta ƙi motsi. Na buɗe tanki na shinshina. Na ce, "Malam, mi ka zuba mai?" Ya ce esansi mana, wato fetur, mai kyau, daga kwalbar bakin hanya inda yake sayen na motonsa. To ai nan ne matsalar. Injin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai daban kamar moto, sai an gauraya masa mai a cikin esansin, abin da muke kira melanj. Idan ka ba shi zalla, zai yi maka kuka mai daɗi na ɗan lokaci, sannan cikinsa ya ƙone ya manne. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce shi dai ya san da wani irin inji ya saya da ba haka ba.

Wani kuma daga hanyar Tsibiri ya kawo nasa yana huci, wai tun safe yake kan reshe guda, hayaƙi kawai yake gani. Ina dubawa na ga ya cire sarƙa ya wanke, ya mayar da ita a juye, haƙora suna kallon cikinsa. Na juya ta, na ɗora kan wani guntun itace, ta wuce kamar ana yanka kabewa. Shi ma bai ce laifinsa ba ne. Cewa ya yi irin wannan injin ne bai iya nuna wa mutum gaba da baya ba. A shekarun da na yi a gindin bedi, ban taɓa ganin mai gidan da ya ɗora wa hannunsa laifi ba, kullum injin ne.

Injuna iri biyu ne suka cika garin. Sunayen da aka rubuta a jikinsu harshe ba ya juya su, sai muka raɗa musu namu bisa launinsu, Lemo da Ganye. Lemo tana da nauyi, tana da murya, tana shan melanj kamar ba gobe, amma idan ta kama itace ba ta saki. Ganye kuwa ba ta da nauyi, jan farko take tashi, sai dai tana saurin ɗaukar zafi, sai an bar ta ta huta. Ko wacce da halinta. Amma je ka faɗa wa masu su haka! Mai Lemo yana ganin mai Ganye abin wasan yara ya saya, mai Ganye yana ganin mai Lemo ya sayo wa kansa ciwon baya. Na ga an yi wannan musu a wurin suna, na ga an yi shi a ƙofar masallaci ana neman takalma.

Shugabannin musun kuwa su ne maƙwabtana biyu. Alhaji Rabe ɗan kasuwar hatsi ne, Alhaji Issufu na atamfa da shadda. A gidajen nan biyu aka haife su, tare suka yi rarrafe, kuma tun daga lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ragon layya musu, mota musu, har wanda ya fi wani furfura musu. Alhaji Rabe ya sayi Lemo don yana da lambun mangwaro a Jiratawa. Alhaji Issufu ba shi da lambu, 'yan itatuwan tsakar gida ne kawai, amma da ya ji kukan Lemo ta bayan katanga, kafin sati ya zagayo ya sayo Ganye. Kullum bayan la'asar su zo su zauna a bencina, ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan.

"Lawali, ka ji tsoron Allah ka hwaɗi gaskiya," in ji Alhaji Rabe. "Wanga ɗan koren abu na Issuhu, inji na ko injin niƙa tattasai?"

Alhaji Issufu ya ce, "Ƙyale shi, Lawali. Shekaranjiya na ji shi yana jan igiya tun hantsi. Na zaci rijiya anka gina mai cikin gida."

Ni kuwa sai in ce, "Ranku shi daɗe, ko wacce anka ba melanj mai kyau tana aiki." Su ce na cika wayo. Ba wayo ba ne, tuwo ne. Rabin masu kawo mini gyara abokan Alhaji Rabe ne, rabi na Alhaji Issufu, kuma ƙasar da bencina ke kai tasu ce su biyu.

Shekarar da aka rufe iyakar ƙasa ita ce shekarar da ba na so in sake gani. Kayan gyara suka daina shigowa. Ba sarƙa, ba buji, wato fulogi, ko igiyar tayarwa sai ka zagaye kasuwa ka dawo hannu rabbana. Injuna suka taru a gabana, masu su suna zuwa suna komawa. Na koma haɗa matattun sarƙoƙi biyu in fitar da mai rai guda, ina kankare tsohuwar buji da magagari in mayar. Wani lokaci in ɗauki gatari in je aikin da a da inji ke yi. Na ji tsoro a shekarar, ba zan ɓoye ba. Masu gyara da yawa da ke da shaguna na gaske, da ƙofa da kwaɗo, suka rufe saboda haya. Ni kuwa bedi bai taɓa tambayata haya ba, shi ya sa na kai labari.

A cikin wannan shekarar ne Lemon Alhaji Rabe ta mutu, ɗan abin da ke haɗa mata mai da iska ya lalace. Na nema ko'ina babu. Sai wata Ganye da aka bar mini a matacce, nata da sauran rai. Na ɗan gyara mazauninsa, na ɗaura, Lemo ta tashi tana ruri fiye da da. Da ya zo karɓa na ce, "Alhaji, in hwaɗa maka, abin da ke cikinta yanzu na Ganye na." Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya rage murya ya ce, "Ban ji ba, Lawali. Kai ma ba ka hwaɗi ba." Har yau da shi take aiki.

Abin da ya kusa raba ni da wurin zamana ya faru ne bayan wata damina mai ruwa. Katangar Alhaji Rabe ta tsage daga gefen bedi, ta Alhaji Issufu ma ta tsage. Magini ya zo ya tona, ya ce saiwar itacen ce ke ɗaga su, in dai yana nan, ko an gyara za su sake. A karon farko a rayuwarsu alhazan nan suka yarda da magana guda: a sare bedi. Suka je wurin ma'aikatan gandun daji suka samo izini. Ina zaune a gindinsa suka zo suka gaya mini, suna murmushi kamar albishir suka kawo.

Na ce, "Alhaji, ni fa? Ina za ni?"

Alhaji Issufu ya ce, "Haba Lawali, mu muna barinka cikin rana? Rumhwar kwano za mu yi maka, sabuwa."

Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kwano a Maraɗi lokacin bazara ya san abin da aka yi mini alkawari. Ban da haka, wa zai ce a kai shi gindin kwano? Na yi magiya, na ce a datse saiwar kawai, suka ce magini ya ce ba ta yi. Kuma kafin in rufe baki hankalinsu ya riga ya bar kaina, ya koma kan abin da ya fi damunsu: injin wa zai kayar da shi?

Nan fa aka dasa. Daga ƙarshe suka tsara cewa za a gwada a jikin kututturen, don rassa kowane inji yana yankawa. Kowa zai nuna inda yake so da gawayi, a sa injinsa. Wadda ta fi saurin nutsar da faɗin lam ɗinta cikin itacen, ita ce gwana, kuma ita za ta sauke bedin washegari tun daga sama har ƙasa. Don kada a ce hannun wani ya fi na wani, mutum ɗaya zai riƙe duka biyun. Kun san ko wane ne.

Na ce, "Ranku shi daɗe, iccen ga da ƙarhe ciki. Mai shayi ya zamna nan, mai tsire ya zamna, ni kaina ƙusoshin da na buga mai ban san iyakarsu ba."

Alhaji Rabe ya ce, "Ka ji ko, Issuhu? Yana jiye ma 'yar taka tsoro."

Alhaji Issufu ya ce, "A'a, taka yake nuhi. Kunyarka yake ji."

Ƙin yi bai taso ba. Idan na ƙi, su da kansu za su riƙe, cikin manyan riguna masu hannu har ƙasa, kuma na san abin da sarƙa ke yi wa riga. Sai na karɓi injunan biyu na zauna wasa su. Zuciya ta raya mini in bar haƙoran a dakushe, ba wanda zai gane. Amma hannun da Baba Nomau ya horar bai iya wannan ba. Na wasa su wasawar da ban taɓa yi wa wata sarƙa ba, raina a ɓace, a inuwar itacen da za su ci.

Da hantsin ranar gwajin, unguwa ta cika. Masu Lemo suka tsaya gefen gidan Alhaji Rabe, masu Ganye gefen Alhaji Issufu, 'yan kabu-kabu suka jera baburansu a tsakiya suna zuga kowa. Har mai ƙosai ta matso da kaskonta. Na sa aka ja da mutane baya, na ɗaure bakin wandona, na kwashe kofin shayina daga kan kumburin nan.

Alhaji Rabe ya fara. Ya ɗauki gawayi ya ja layi daidai ƙirjinsa. Da na ga wurin, sai na ji sanyi a raina, don nan ne mazaunin ƙusa. Na ja igiyar Lemo, ta yi gardamar da ta saba, sannan ta tashi da rurin da ya kori tattabarun unguwa. Na ɗora. Ta shiga ɓawo tana watsa tsaki, mutanensa suna ihu. Ba ta yi nisa ba sai tartsatsi, sai wani tartsatsin, sai ƙara kamar an ja bokiti kan siminti. Tsaki ya koma gari, gari ya koma hayaƙi. Na kashe. Haƙoran Lemo sun zube kamar na tsoho. Ɓangaren Ganye ya ɓarke da sowa, Alhaji Issufu har da cire hula.

Sai Alhaji Issufu ya karɓi gawayin. Shi mai atamfa ne, ya iya duba kaya kafin ya saya. Ya zagaya itacen a hankali, ya ce, "Ƙusa bisa take. Ba wanda ka durƙusawa shi buga ƙusa." Ya sunkuya ya ja layinsa a kan kumburin nan na daidai gwiwa, wurin da ya fi ko'ina kauri, don a san Ganye ba ta tsoron kauri. Ya kuwa yi gaskiya. Ban taɓa buga komai a nan ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya buga ba. Na ce a raina, Lawali, yau inuwarka ta ƙare, kuma da hannunka.

Jan farko Ganye ta tashi, munafuka. Na durƙusa na ɗora. Ta kama ci, tsaki fari tas yana zuba a kan ƙafafuna, ɗacin bedi yana shiga mini hanci. Rabin lam ya nutse. Ya wuce rabi. Masu Ganye sun fara tafi, ni kuwa ina ji kamar cikina ake yankawa. Saura kaɗan lam ya ɓace, sai na ji injin ya doki wani abu da ba ƙusa ba. Ƙusa tana ƙara ta wuce, wannan kuwa tsayawa ya yi cak. Hannuna ya girgiza har kafaɗa, sarƙa ta tsinke ta zube ƙasa. Abin da ya biyo bayanta daga cikin yankan ba fari ba ne, jan gari ne na tsatsa.

Na leƙa, na sa magagari na taɓa. Ƙarfe ne mai kauri, kuma da na bi shi sai na ji yana lanƙwasa yana bin zagayen itacen. Ni da ke taƙamar sanin itace, shekara da shekaru ina ɗora kofi a kan abin nan, ban taɓa tambayar kowa abin da ya kumbura shi ba.

Ana cikin haka sai ga Hajiya Kuluwa ta fito tana dogara sanda. Ita ce mahaifiyar Alhaji Issufu, kuma ita ta goyi Alhaji Rabe lokacin da tasa uwar ke jinya, don haka duk su biyun Inna suke ce mata. Ta tsufa ƙwarai, ba ta cika fitowa ba, kuma ba wanda ya tuna ya gaya mata abin da ake shiryawa. Ƙarar ce ta fito da ita. Ta dubi yankan sama, ta dubi na ƙasa, ta dubi manyan alhazai biyu da gawayi a hannu.

"Wa yas sa a taɓa iccen ga?"

Alhaji Issufu ya ce, "Inna, katanga ce yake kaddawa."

Ta sa bakin sandarta a cikin jan garin nan ta motsa. Ta ce, "Kun kai ga gangar ke nan." Ba wanda ya gane, sai ta ci gaba. "Ubanka, Issuhu, da uban Rabe, da ganga guda ta man gyaɗa sunka hwara kasuwa. Guda ɗai, ta su biyu. Tare su ka tura ta kasuwa, tare su ka maido ta. Da tat tsuhwa tana yoyo, wanga ya ce wancan shi ɗauka, wancan ya ce wanga shi ɗauka, kowa na jin kunyar ɗan'uwanai. Sai sunka hwasa gindinta, sunka dasa ɗan bedi nan tsakaninsu, sunka kihwa mai ita don awaki. Ni ka ba shi ruwan wanke-wanke ina amarya. Jikinta ya ruɓe tun kuna tahiya ba wando, bakinta kau icce ya haɗe."

Ta juya za ta koma, sai ta tsaya ta ce, "Katangar taku ita tat tarad da shi nan. In wuri ya yi musu kaɗan, ƙaramin shi ka matsawa."

Alhaji Rabe ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin dusa, ya sa yatsa cikin yankan ya taɓa ƙarfen, ya daɗe bai cire ba. Alhaji Issufu ya juya baya yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na zauna a ƙasa tsakanin injuna biyu da suka mutu.

Alhaji Rabe ne ya fara magana, yana kakkaɓe gwiwa. "To, amma dai kowa ya gani, Lemo ta ci ƙusa ta wuce kahin ta tsaya."

Alhaji Issufu ya juyo. "Ƙusa? Tawa ganga sukutum ta tarar!"

Aka fashe da dariya, mai ƙosai ta ci kasuwa. Da yamma na kwaɓa laka na cike wa bedi raunukansa biyu. Magini ya dawo ya rushe inda ya tsage, ya ja katangun baya, ya lanƙwasa su suka ba itacen wuri. Shi ya sa in kun lura, nan ne kaɗai a layin nan katanga ke da ciki. Injunan kuwa duk ni aka kawo wa gyara, a wannan bencin, kuma har gobe bayan la'asar suna nan suna tambayata wadda ta fi.

Saboda haka, ku masu cewa jan igiya ne kawai, jan igiya shi ne na ƙarshe. Kafin shi akwai magagari, akwai melanj, akwai zagaya itace. Ni kuma tun daga ranar na ƙara ɗaya a kan abin da Baba Nomau ya koya mini: ba na yanka itacen gida sai an kai ni na gaida wanda ya fi kowa tsufa a gidan.

Ku ɗaga kai ku duba can sama da reshen farko. Sarƙoƙin nan biyu da suka lalace ranar, ban yar ba. Ƙusa guda na buga na rataye su tare, kuma ga shi ɓawo ya riga ya fara rufe kanta. Mu dai za mu tafi, ni da alhazan. Amma duk wanda ya zo bayanmu da sabon injinsa, ko wane launi ne, ya ce zai sare bedin nan, Lemo da Ganye zai tarar a ciki suna jiransa.